Naman da Na Ce Nawa Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Uwata, Ummin gidanmu.

Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifinki, Isiyaku mai agashe. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare motar da kike ciki tun daga Hartum har Madani, Ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki lafiya a ƙofar makarantar koyon jinya. Amin summa amin.

Na ce wa Innarki ta cusa miki wannan a jaka, kuma kada ki buɗe sai mota ta wuce Soba. Da baƙaƙen allo na rubuta, amma Hausa ce, sai ki daure ki bi a hankali. Shekara biyu ke nan ina yi miki Hausa kina mayar mini da Larabci, “Hadir, ya Baba,” wato to, ki wuce abinki. Na lura, kada ki zaci ban lura ba. Larabci na iya ciniki da shi, na iya faɗa da kwandasta da shi, amma abin da ke cikina yau ba zai fito ta nan ba.

To, albishirinki! Ki ce goro, ko a zuci ne. Buɗe ɗaya takardar da na naɗe a ciki. Hotonta ne, ta ainihin tana ƙasan akwatin Innarki a cikin leda biyu. Kin ga fuskata? Kin ga yatsuna goma a jere? Karanta layin ƙasa, kusa da hatimi. An rubuta cewa babu wani laifi a kan mai wannan suna. Babu! Ita ce takardar da ake ce wa fiish, wadda ’yan sanda ke bayarwa a ga ko mutum ya taɓa shiga hannun hukuma. Ranar Alhamis aka miƙo mini ita ta taga. Wallahi, Uwata, ni da ko a bikin aurena ban ɗaga ƙafa ba, sai ga ni a bakin titi a Hartum ina taka rawa da jallabiya, wata mai shayi tana yi mini guɗa ba ta ma san dalili ba. In kin ga rubutun ya karkace ki yi mini uzuri, murna ce.

Za ki ce, yo Baba, da can akwai laifi a kanka ne? Akwai. Shi ne abin da na ɓoye muku, kuma shi ne ya cinye miki shekara guda ta karatu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau kin bar gida, ba zan bari ki tafi da tunanin cewa ubanki ba ya son karatunki ba.

Abin ya faru shekara biyu kafin a haife ki, farkon hawan sojan nan kan mulki, lokacin da ake sammakon layin burodi, fetur kuwa sai wane da wane. Wata bakwai ke nan da aurena da Innarki. Kin san daga kambon ma’aikatan auduga na Jazira na zo Umdurman, ba wa ba ƙane, hannu rabbana. Kakanki Baba Sale, uban Innarki, shi ya ɗauke ni a rumfarsa ta bayan kasuwa. Shi ya koya mini yanka nama siriri har ana hango haske ta cikinsa, ya koya mini haɗa ƙuli da citta da masoro, ya koya mini cewa ana kafa tsinke a gefen wuta ne, ba a kanta ba. Da ya ga na natsu, ya ɗauki ’yarsa ya ba ni.

Doka ta ce duk naman da za a sayar sai an yanka shi a mayankar gwamnati, likitan dabbobi ya duba ya buga masa hatimi. Wanda ba shi da hatimi, kiri ake ce masa, kuma kamawa ake yi. Makon nan aka yi kwana uku motar mayanka ba ta zo ba, babu mai. Sai Baba Sale ya jawo raguna biyu ya yanka a bayan rumfa. Na sunkuyar da kai, don ba a kallon suruki ido cikin ido, na ce, “Baba, hatimi fa?”

Ya ce, “Bisimilla ce hatimina. Tun ba a haifi likitan ba nake yanka.”

Da hantsi sai ga motar ’yan kasha, masu samame, ta yi birki a bakin layinmu. Kowa ya ranta a na kare. Tsoho ina zai gudu? Yana tsugune, wuƙa a hannu, jini har gwiwar hannu. Babbansu ya zura kai ya ce, “Lahma di haggat minu?” Wato naman nan na wane ne. Na dubi Baba Sale, na ga gemunsa yana kaɗawa. Na hango shi a bayan buɗaɗɗiyar mota ana wucewa da shi ta gaban masallacin da yake sahun farko. Bakina ya riga tunanina, na ce, “Nawa ne.” Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, sai na taka masa ƙafa. Surukina guda! Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Kafin a kira azahar an gama shari’a, aka ba ni wata uku.

Ba zan ce miki na yi nadamar rufa wa tsohon nan asiri ba, ƙarya ne. Amma ki saurare ni da kyau, tunda asibiti za ki yi aiki. Hatimin nan da kakanki ya raina, don lafiyar mutane aka yi shi, kuma da na san zafinsa da na dage tun kafin ya sa wuƙa, ko da zai ce na yi rashin kunya. Kunyar minti ɗaya na guda, na ɗauko ta shekara ashirin. Wata rana wata babba a wurin aikinki za ta yi kuskure, ta miƙo miki biro ta ce sa hannu a nan, ’yata, ba komai. Za ki ji nauyinta, don a gidan jin nauyi aka haife ki. Ki gaishe ta, ki ɗaukar mata jaka, ki ba ta kujerarki, amma kada ki sa sunanki a kan abin da ba ke kika yi ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan wauta, har ina jin kunyar rubuta shi. Kafin a kai ni kurkuku sai da aka ɗauki yatsuna. Wani ɗan sanda mai gashin baki ya kama hannuna yana murza kowane yatsa a tawada yana dannawa a kati. Da ya gama ya ce, “Ka ga wannan baƙin? Sabulu zai fitar da shi daga hannunka, amma daga littafinmu ba ya fita. Kai da ’ya’yanka da jikokinka, duk inda kuka kai takarda sai ya fito.” Ya yi dariya, na kusa da shi ma ya yi dariya. Ni kuwa na ɗauki maganar na haɗiye ta kamar aya. Mutum ya yi wasansa ya tafi cin dafaffen wakensa na ful, ni na zauna da ita shekara ashirin ban tambayi kowa ba.

Kin san abin da maganar nan ta ci mini? Wani ɗan kambonmu ya samo mini aiki a gidan abinci a Jidda, har ya aiko a yi mini biza. Da na ji sai da fiish, na ce masa ai zafin Jidda ba ya yi mini. Ni ɗan Umdurman, wai zafi! Sau biyu ana raba shaguna a sabon layin kasuwa, na ƙi kai takarda, na ce iskar waje ta fi wa wuta kyau. Shi ya sa kika tashi kika gan ni da tebur a bakin hanya, kullum kunne a sama ina jiran a ce ga ’yan kasha nan in ɗauke in gudu. In hafila, motar haya, ta doshi gada na hango masu duba takarda, sai in ce wa kwandasta na yi mantuwa in sauka. Kin tuna bikin sunan ɗan ƙanwar Innarki a Jabal Awliya, da kuka tafi ke da Innarki na ce cikina ke ciwo? Cikina lafiya lau, na zauna a gida na cinye tuwon mutum biyu.

Uwata, matambayi ba ya ɓata. In mai kaki ko mai farar riga ya faɗa miki magana mai ban tsoro, ki ce na gode, sannan ki je ki tambayi wani, ki kuma tambayi na uku. Mu ’yan kambo an raine mu da cewa ofis ba wurinmu ba ne, in ka shiga da ƙafarka za a tambaye ka kakanka daga ina ya zo. Gaskiya ne ana tambaya, ana kuma ja mana rai fiye da kowa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki shiga. Ki yi layi, a kore ki ki dawo gobe. Ke kin yi karatu, kin iya karanta abin da aka manna a bango, ba ki da uzurin da nake da shi, kuma ni ma nawa uzurin bai kai ya kawo ba.

Yanzu na zo kan wanda ya shafe ki, kuma nan ne biro ke yi mini nauyi. Shekarar da kika isa zana jarrabawar gama sakandare, aka ce babu mai zama sai da lambar ɗan ƙasa, kuma ba a ba yaro sai ubansa ko wani na ɓangaren uba ya tsaya masa. Ni ba ni da wa ba ni da ƙane, sai ni. Ni ma ba ni da lambar, sai na ɗora yatsuna a kan na’ura kafin a ba ni. Da kika zo kika faɗa mini, kina murna da takarda a hannu, na ce miki to kawai. A raina na ce shi ke nan, ranar da mai gashin baki ya faɗa ta zo. Zan ɗora hannu, na’ura ta yi ƙara, a rubuta a takardar yarinyar nan cewa ubanta ɗan kurkuku ne, ta bi ta har kabari.

Sai na fara yi miki hanya-hanya. Yau na ce ƙafa, gobe na ce kasuwa ta cika, jibi na ce layi ya yi tsawo a bari a rage. Kika yi ta bina kamar mai roƙo. Ranar ƙarshe kika yi shiri tun da safe, kika goge mini jallabiya da kanki kika ajiye a kan gado, kika ce, “Baba, yau ake rufewa.” Ni kuma na daka miki tsawa. Na ce karatun me, wa ya ce miki ’yar mai agashe na zama likita, ki tashi ki ba ni wuri. Kika ninke jallabiyar kika mayar cikin akwati. Wallahi tallahi, da na fita ban je kasuwa ba, bayan makarantarku na je na tsaya ina kallon ’yan ajinku suna fitowa da takardunsu, ina kuka kamar yaro.

Maganar nan da na faɗa miki ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Ba na tunanin haka, ban taɓa yi ba. Duk wanda ya tsaya a teburina tun kina aji ɗaya ya san makin da kike ci, har sun gaji da ni. Tsoro ne ya kama ni, na ji kunyar in ce tsoro nake ji, sai na mayar da shi faɗa. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani da majinyata da ma wanda za ki aura. Da yawa daga masu ɗaga murya tsoro ne ke cinsu. Ban ce ki zauna a yi ta yi miki tsawa ba, a’a. Na ce in ke ce tsoron ya kama, ki buɗe baki ki ce tsoro nake ji, tun kafin ki ɓata wa wani rai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe rajista, ni ina nan ina shirya sabbin dabaru, har na fara ɗingishi tun mako guda kafin lokaci. Ashe Innarki ta gama nata shirin. Wata safiya kin tafi sayo burodi, na je ɗaukar wuƙaƙena da tsinkaye, wayam. Na duba, sai ga ta zaune a kan akwatinta ta harɗe hannu. Kin san Innarki, mace ce da ko muryarta maƙwabta ba su sani ba.

Na ce, “Ke, tashi ki ba ni kayana.”

Ta ce, “Wallahi, Malam, ba na tashi. Bara ka cinye wa yarinyar nan shekara ina kallo. Bana ba ka isa ba.”

Na yi ta faɗa, ko gezau. Da na ga faɗa ba ya ci, sai na zauna a bakin gado na ce, “Haba, ke fa kin san inda na yi wata uku. In na sa hannu a na’urar nan zai fito, ya shafa mata. Kin san abin da na yi.”

Ta ce, “Na san naman Baba ne.”

Uwata, na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune. Ni duk zatona ta ɗauka kwaɗayina ne ya kai ni, kuma na bar ta a haka don kada girman ubanta ya zube a idonta. Ashe tun makona na biyu a kurkuku tsohon ya kira ta ya faɗa mata yana hawaye. Har ya ce mata in na fito ta gaya mini a shirye yake ya je gaban alƙali ya faɗi gaskiya a wanke ni. Na ce, “To me ya hana ki faɗa?” Ta ce, “Na ga ka rufa masa asiri har a gabana, sai na ji nauyin in nuna maka na sani, in ɓata maka alherinka.” Kin ji fa! Ina jin kunyarta, tana jin kunyata, tsoho yana jin kunyarmu har ya koma ga Allah, ke da ba ki ci nanin ba nanin ta ci ki.

Sannan ta ce, “In zai fito, ya fito. Gara a hana ta a ofis da a ce ubanta ne ya hana ta a gida.” Maganar nan ce ta tashe ni. Kin tuna ranar, kin dawo da burodi kika tarar da ni na sa jallabiya ina cewa mu tafi, kika dube ni kamar ba ki yarda ba. A ofis kina bayana, ba ki ga zufar da ke bin ƙafata ba. Na ɗora yatsu a kan gilashin nan ina karanta duk addu’ar da na sani, ina jiran ƙara. Ma’aikacin ya yi hamma, ya ce, “Na gaba.” Shi ke nan fa! Abin da na yi shekara ashirin ina gudu, hamma aka yi masa.

Kunya ado ce, da ita aka san mu, ban ce ki yar da ita a Madani ba. Amma in kika ga shirunki zai ci haƙƙin wani, to ba kunya ba ce kuma, cuta ce. Ni da Innarki mun so juna da gaskiya, kuma da wannan son muka cuce ki. In kin yi naki gidan, ki riƙa faɗa wa mijinki abin da kika sani, ko da zai ji nauyi na yini ɗaya.

Kika samu lamba, kika zana, kika ci, har malamanku suka zo gida barka. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, na ce watakila na’ura ce ba ta gani ba, littafin yana nan. Kin san Ammu Bashir, tsohon nan mai tabarau da ke rubuta wa mutane takardar ƙorafi a gindin dogon yaro a ƙofar kotu? Shekara goma sha biyar yana tsayawa a teburina da la’asar, tsinke uku ba yaji saboda cikinsa. Ran nan na yi ta maza, na ƙara masa tsinke ɗaya, na ce, “Ammu Bashir, akwai wani abokina da aka taɓa ɗaurewa wata uku.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Abokin nan naka agashe yake sayarwa?” Na ga ba mafita, na kwashe labari na faɗa masa.

Tsohon nan ya yi dariya har nama ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Ya ce, “Ya Isiyaku, Allah Ya shirye ka! Hukuncin da bai kai shekara ba, in mutum ya yi shekara biyar bai sake ba, doka da kanta ta yar da shi. Abin da ya rage kawai a rubuta wa alƙali ya ba da umarni a goge a littafi. Kuma wa ya ce maka laifi gado ne? Gona ce?” Na ƙirga da yatsu. Wato tun kina ’yar shekara uku kina bin kaji a tsakar gida na zama ɗan halas a idon doka, ni kuwa ina can ina sauka daga hafila. Na ce masa, “Kai ma ai da laifinka, shekara goma sha biyar kana cin namana ba ka faɗa ba.” Ya ce, “Ka taɓa tambaya?”

Washegari ya rubuta mini takardar da hannunsa. Na sha zirga-zirga, ba zan ce miki a banza aka ba ni ba. Sai da aka yi mako uku ana neman fayil ɗina a ɗakin ajiya, aka same shi gara ta cinye gefe, amma sunana yana nan daram. Alƙalin yaro ne, bai fi ya zama ɗana ba. Ya juya takardar ya ce, “Ya Hajj, me ya hana ka zuwa tun da can?” Na ce, “Ranka ya daɗe, tsoro.” Ya girgiza kai ya sa hannu. Daga nan sai Hartum, ofishin da ake ajiye katin yatsu. Sau huɗu ina haye gada, kuma ko sau ɗaya ban yi mantuwa ba, har ina zama kusa da taga don masu duba takarda su gan ni da kyau.

Yanzu kam na zama ɗan kwamisho ba albashi. Mutum biyu a layinmu, da mai gyaran risho, keken nan mai ƙafa uku, da wani tela, ashe su ma irin ciwona suke ɓoyewa, na ja su har gindin dogon yaro. Ke ma ga saƙo. Asibitocin Madani cike suke da mutanenmu na kambo. In kika ji wani dattijo yana ƙin ba da sunansa cikakke, ko yana rawar jiki in an ce ya dangwala, kada ki yi masa tsawa, kada kuma ki yi masa kallon ɓarawo. Ki yi masa Hausa a hankali, ki faɗa masa akwai ƙofar da ake bi a goge tsohon laifi. Ni kuma na kai takardar neman shago, kuma bayan Sallah zan nemi fasfo. Innarki na cewa in bi a sannu kada hawan jini ya kama ni. Ina! Na yi sannu ta shekara ashirin, ta ishe ni.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi kusa. Tun ranar da na’ura ta yi shiru ya kamata in kira ki in ce na cuce ki. Ban yi ba. Na ce ke ’yar fari ce, kuma sunan uwata gare ki, ba a sakin fuska da ’yar fari, mutane za su ce ba ni da kawaici. Na fake da al’ada, alhali girman kai ne. Na ga kina ta ramewa a shekarar da kika zauna a gida, ƙawayenki na wucewa da littattafai kina shara, na kau da kai. Ki yi wa ƙannenki abin da ban yi miki ba, in kin ɓata musu ki ce kin ɓata, girmanki ba zai ragu ba.

Uwata, gwamnati ta goge nata. Saura naki, shi kuwa Ammu Bashir ba shi da takardar da ke goge shi.

Ki duba aljihun gefen jakarki, akwai ƙunshi a cikin takardar siminti. Yau da asuba na hura wuta, abin da ban taɓa yi da safe ba, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Tsinke bakwai ne, na wajen kitsen nan da kike so, albasa daban, lemun tsami daban, kuma naman mai hatimi ne. Tun kina ƙarama ke ce mai ɗanɗana tsinken farko. Sai ki ɓata fuska ki ce, “Baba, gishiri ya yi yawa,” don in ba ki na biyu ki sake gwadawa, ni kuma in yi kamar ban gane ba. Tun ranar da kika ninke jallabiyar nan ba ki sake sa namana a baki ba. Kullum ina kawo miki naki, kullum ina ganin kina tura wa ƙannenki.

Ba zan tilasta miki ba, haƙƙinki ne. In zuciyarki ba ta sauko ba, ki ba na kusa da ke a mota, sadaka ce, kuma zan ci gaba da jira. In kuwa kin ci, ki buga mini waya. Ba sai kin yi doguwar magana ba, na san mu da jin nauyi. Ki ce gishiri ya yi yawa, zan gane. Wayar tana aljihun gaba, na sa ƙanenki ya ƙure mata ƙara, kuma yau ba zan je kasuwa ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na gari, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum da na bakinki. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa, Ya dawo mana da ke unguwarmu ta Alsawra lafiya. Innarki na gaishe ki, tana nan tana share hawaye tana cewa hayaƙin wutata ne. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku mai agashe, wanda babu komai a kansa sai haƙƙinki.